Ruwan Da Na Yayyafa Wa Gawayi

Akwai maganar da take yawo a gidan nan tun kuna ƙanana, ni kuma na ƙyale ta saboda tana yi mini daɗi. Wai Baba ya bar aikin kamfani ne don ya tsaya wa gaskiya. Ranar sunan ɗan Habiba na ji Auwalu yana ba abokansa labarin a zaure, har ya ƙara masa gishiri, wai na buga tebur a ofishin Injiniya. Ban buga teburin kowa ba. To, tunda Allah ya bar ni da sauran hankalina, bari in faɗa muku yadda aka yi, da inda na yi daidai da inda ban yi ba.

Kun san marigayi Malam Iro, danga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Ku kun san shi tsoho mai kiran salla a masallacin unguwa, ni kuwa na san shi da ƙarfinsa. Ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa. A ƙasarmu ta Gezawa gona a jikin gona take, babu dajin da mutum zai sara ya ƙara, kuma abin da na gada bai isa ya riƙe ni da Innarku da mahaifiyata Iya da ku biyar ba. Shi ya kama hannuna ya kai ni kamfanin da yake aiki a bakin birni, ya tsaya mini. Kullum yana sallame sallar asuba sai mu hau kekuna zuwa bakin titi, mu jingine su a wurin mai shayi, mu shiga mota. Shekara takwas muna haka. Mutum ne mara yawan magana, sai tsokana. In na makara sai ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Ranka ya daɗe, talakawa suna jira."

Kamfanin ƙarami ne, kabaid muke yi, dutsen nan mai wari da masu walda suke jiƙawa ya ba su iskar hura wuta. Ana dafa shi a tanderun lantarki, wato wata ƙatuwar tukunya ta ƙarfe da bulo, a zuba mata ƙonanniyar farar ƙasa da gawayi. Daga sama akwai ginshiƙai uku da suka sauko suka nutse cikin kayan, ta cikinsu wutar take bi. Mu turaku muke ce musu. Kowane turke bututun ƙarfe ne mai faɗin ganga, ana cika shi daga sama da wani haɗi na garin kwal da kwalta, wanda muke kira baƙin ƙullu. A dunƙule yake zuwa kamar dutse. Zafi ya narkar da shi, ya gangara cikin bututun, ya gasu ya ƙeƙashe, tanderu ya riƙa cin bakinsa a hankali. In ya ci, a sassauta turke ya ɗan sauka, a ƙara ƙullu a sama. Wannan shi ne aikin Yaya Iro. Shi ke fasa ƙullu da guduma a saman bene, shi ke sassauta turaku, shi ke faɗin yadda suka sauka, kuma makullin ɗakin ajiya a aljihunsa yake. Ni kuma a ƙasa nake, shugaban masu awo. Injiniya ya rubuta a allo nauyin farar ƙasa kaza, nauyin gawayi kaza, mu ɗora a sikeli mu tura.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Ku ba za ku tuna ba, amma a lokacin sabulun wanka ma sai wane da wane. Kayan waje suka daina zuwa. Da wani kwal na musamman muke dafawa, da ya yanke sai aka koma gawayin itace, ana kawo shi a manyan motoci. Baƙin ƙullu kuwa ba shi da madadi. Abin da ke ɗakin ajiya shi ke nan, sai in Allah ya sa wani ya iso, kuma kowa ya san ranar da ya ƙare za a kashe tanderu, mu watse.

Gawayin nan ƙura gare shi ta fitar hankali. Da an sa shebur sai rumfa ta yi duhu. Mutanena suka kama tari, in mutum ya tofar da kaki baƙi ƙirin. Ni kuma na tashi ina ganin Iya ba ta taɓa sa tsintsiya a tsakar gida ba sai ta yayyafa ruwa. Sai na ce a samo bokitai. Kullum da sassafe, kafin manya su iso, mu yayyafa wa tulin gawayin ranar ruwa sosai har ƙura ta kwanta. Wallahi ba ɓoyewa nake yi ba. Ban ɗauke shi abin da za a faɗa wa Injiniya ba, kamar yadda ba za ka je ka gaya masa ka share gaban rumfa ba. Tari ya ragu, ma'aikata suka riƙa sa mini albarka, har suna cewa dabarar Sale. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

A cikin watannin nan ne tanderu ya fara cin ƙullu kamar an aiko shi. Injiniya mutumin kirki ne, ɗan kudu, Hausarsa a karye amma aikinsa a tsaye. Ya bi abin ɗaya bayan ɗaya. Da farko ya ɗora wa ɗaukewar wuta laifi, don in wuta ta tafi turke ya huce sai ya tsage, wani lokaci guntu ya ɓalle ya faɗa ciki. Ya ce in ta dawo a riƙa ƙara ta a hankali. Aka yi. Ya ce ko ana sassauta turke da gaggawa tun ƙullu bai gasu ba, ɗanyen yana zuba. Ya rage tsawon da ake sakewa. Ya hau bene ya ga ƙura tana faɗawa cikin bututu tana hana ƙullu haɗe jikinsa, ya sa aka ƙera murafu. Inda kaya ba su rufe jikin turke ba iska tana ƙona shi, nan ma ya sa aka riƙa tulawa. Har gawayin ya gwada, amma a bakin get yake ɗiba daga kan mota, ya same shi a bushe ƙayau. Kowane gyara ya ɗan taimaka, amma ɗakin ajiya bai fasa ramewa ba.

Da dabara ta ƙare sai aka koma kan mutum. Wani ya kai wa mai kamfani tsegumi cewa masu faci suna sayen baƙin ƙullu su toshe yoyon kwano, kuma ga rufin masallacinmu can da baƙin faci a jiki. Gaskiya ne akwai facin. Ɓurɓushin da ake sharewa a zubar ne Yaya Iro ya ƙulle a leda, bai kai cikin tafi biyu ba, a gabana ya ɗauka. Na faɗi haka, ba wanda ya saurare ni. Ran Alhamis aka kira shi ofis, aka karɓi makulli, aka ce ya zauna a gida sai an gama bincike. Da muka sauka daga mota muka ɗauki kekuna sai ya ce:

"Sale, ka wuce gaba. Ina so in tura nawa a ƙasa."

Labari ya riga shi isa gari. Da magariba wani ne ya kira salla. Ashe Yaya Iro ne da kansa ya je ya sami Liman ya ce masa wanda ake zargi da sata bai kamata ya kira mutane gaban Allah ba, a sa wani tukuna.

Washegari Juma'a, ba na zuwa aiki. Farkon damina ne, an yi ruwa da dare, kuma sauran damin harawarmu na ƙarshe yana kan rufin ɗaki. Iya, kakarku, ta ce in sauko da shi. Na ɗaga na ji kamar an sa dutse a ciki.

"Iya, wannan ai ya ishi awakin nan kwana biyu. Ji nauyi."

"Nauyin ruwa ne, ɗan nan," in ji ta. "Akuya ba ta ƙoshi da nauyi. Ba ta wannan ka tafi, kafin la'asar ta cinye igiyarta ta koma gwaguyar turke."

Ina kan tsani, da dami a ka, sai na tsaya cak. Mu mutanen mudu ne. Tun da na tashi da ido muke awo, tiya ta cika ko ba ta cika ba, ruwa bai ƙara mata komai. Sikeli kuwa bai san gawayi ba, bai san ruwa ba, nauyi kawai ya sani. Wata da watanni ina auna ruwa ina tura wa tanderu da sunan gawayi. Kuma Injiniya ya taɓa gaya mana tun ina sabo cewa in gawayi ya gaza a cikin haɗi, tanderu zai nemi cikon a jikin turke, don asalinsu ɗaya ne. Babu ɓarawo a kamfanin nan. Ni ne da bokitaina.

Nan ne labarin da kuke bayarwa ya rabu da gaskiya. Ku a wurinku daga kan tsanin na wuce ofis. A'a. Na yi wanka na tafi masallacin Juma'a, na hango Yaya Iro can a sahun baya, shi da kullum yake bayan Liman, na kau da kai. Ran Asabar na ce wa mutanena damina ta shigo, a daina yayyafi. Na gaya wa raina cewa in ƙullu ya daina ƙarewa hankalin kowa zai kwanta, a mayar da shi aikinsa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Da na dawo na kasa cin tuwo, Innarku ta matsa mini, na faɗa mata komai, Iya tana gefe tana jan carbi. Innarku ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, tsaya in gane. An karɓi makulli ran Alhamis, kai ka daina zuba ruwa ran Asabar. In ƙullu ya daina ƙarewa, wa za a ce ya daina sata?"

Na hau ta da faɗa, na ce me mace ta sani a aikin kamfani. Iya ce ta yi magana, kuma ba abin da kuke zato ta faɗa ba.

"Ke Hajara, bar shi. Leƙa rumbu ki gani, geron da ke ciki ba zai kai mu kaka ba. Yara biyar. Iro yana da manyan 'ya'ya masu tallafa masa, wannan wa gare shi? Allah ya ga zuciyarsa, taimako ya yi niyya."

"Iya, Allah ya ga zuciyarsa. Mutanen gari kuwa facin masallaci suka gani. Tun jiya matar Yaya Iro ba ta fito rijiya ba."

Kada ku riƙi kakarku da wannan. Ta ga yunwa da idonta tun kafin a haife ni, ta binne 'ya'ya biyu a lokacin yunwar, tsoronta na gaskiya ne. Kuma maganarta na bi, don ita ce mai sauƙi. Lahadi ta wuce, Litinin, Talata. Turaku suka rage sauka, tanderu ya daina hucin da yake yi, kabaid ya fito da kyau. Ran Laraba mai kamfani ya zo da kansa, yana fara'a, ya tara mu shugabannin sassa. Ya ce kun gani ko, daga karɓar makulli ga shi komai ya daidaita. Gobe za a rubuta wa mutumin takardar kora, kuma albarkacin furfurarsa ne ba za a kai shi wurin 'yan sanda ba. Ya dafa kafaɗata ya ce ai maƙwabcinka ne, ka yi haƙuri. Kun san abin da na ce? Na ce, "Allah ya kyauta." Wannan kalmar ita ce abin da na fi jin kunya a duk rayuwata.

Ran Alhamis da safe na fito da keke, ina sanɗa don kada a ji ƙarar sarƙa, sai ga Yaya Iro a ƙofar gidansa da fartanya a kafaɗa. Ya rame a sati ɗaya. Muka gaisa. Na ɗora ƙafa zan tafi ya ce:

"Sale, ka gaya wa wanda aka sa a sama, murfin turke na tsakiya ba ya zama sai an ɗora masa dutse. Kada ƙura ta shiga ta ɓata musu aiki."

Na ce to. Na yi tafiyar da ba ta kai tsawon gona biyu ba na sauka daga keke, don ba na ganin hanya. Ina isa kamfani ban cire rigar gida ba na wuce ofishin Injiniya. Takardar tana kan tebur, ba a sa hannu ba. Na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya ce in kawo gawayi bokiti ɗaya in yayyafa masa ruwa yadda na saba. Ya auna, ya shanya a gefen tanderu, bayan azahar ya sake aunawa. Ya daɗe yana kallon sikelin. Sannan ya ce ruwa da farar ƙasa a cikin tanderu suna iya tashi su ƙona mutane, Allah ne ya tsare; ya ce shi ma da laifinsa da bai taɓa zuwa rumfar awo da sassafe ba. Sai ya tambaye ni yaushe na daina. Na ce Asabar.

"Ruwa kuskure ne, Sale," in ji shi. "Asabar ba kuskure ba."

Aka yayyaga takardar, aka rubuta wata da sunana. Ban ga laifinsu ba.

Da la'asar na sami Yaya Iro a gonarsa yana noman farko. Na tsaya a bakin kunya na faɗa masa duka, na ce an ce ya koma aiki ran Asabar. Ya dogara da fartanya yana saurare. Da na kai wurin yayyafi har ya yi murmushi, ya ce dabarar Sale ke nan. Sai ya tambaye ni:

"Yaushe ka gane?"

Da a ce na ce masa jiya, da ba wanda zai ƙaryata ni. Na ce, "Ran Juma'a, Yaya. Da safe."

Murmushin ya tafi. Ya dubi ƙasa, ina ganin leɓɓansa suna motsi yana lissafin kwanakin.

"Ka gan ni a sahun baya ke nan."

"Na gan ka."

Ya miƙo mini wata fartanya da ke rataye a bishiya, ya nuna mini kunyar da ke kusa da tasa. Muka yi noma har rana ta faɗi. A masallaci bayan magariba na miƙe na faɗa wa jama'a cewa Malam Iro bai ɗauki komai ba, ni na yi ɓarnar. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kwanakin ban ambata ba, shi ma bai taɓa ambata wa kowa ba. Daga nan ne labarinku mai daɗi ya samo asali.

Shekarar ta yi mana tsanani, Iya ba ta yi ƙarya ba. Gero ya ƙare ana sauran wata guda a yi girbi. Keke ya tafi, awaki biyu suka bi shi. Auwalu, kai ne ka zauna shekara guda ba makaranta, kuma ban taɓa ba ka haƙuri a kan haka ba. Ga shi yanzu na ba ka. Innarku ta kama ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa yi mini gori ko sau ɗaya ba. Da rani na roƙi ɗan fili a fadama na fara albasa da tumatir, kuma a kansu na tashe ku gaba ɗaya. Kamfanin ma bai yi shekara uku ba ya rufe, kamar sauran. Ni dai ban yi asara ba. Na ga tasowarku da idona, da ina can da sai dai in tarar da ku kuna barci. Tarin da ya kama tsofaffin abokan aikina ni ya ƙyale ni. Alhamdu lillahi, in aka ce in zaɓi wata rayuwar ban san wadda zan ɗauka ba.

Da Yaya Iro kuwa, zumunci bai yanke ba. Ana biki tare, ana makoki tare, in ya yi yanka sai an miƙo mana ta kan danga. Tsokanar ce ta ɗauke na wani lokaci, sannan ta dawo da kanta. Ban taɓa samun ƙarfin tambayarsa ba sai a ciwonsa na ƙarshe, ina zaune a bakin tabarmarsa ina yi masa fifita. Na ce Yaya, maganar nan ta kamfani, ina neman gafara. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Ruwan ai tun a gona na yafe," in ji shi. "Kwana shidan ne suka ba ni wuya. Shekara biyu na yi, kullum da asuba in yafe maka, kafin magariba abin ya dawo, gobe in sake."

"Yanzu fa, Yaya?"

"Yanzu ya daɗe bai dawo ba. Ci gaba da fifitar, na ga ka tsaya."

Duk asubahin da yake yafe mini a shekaru biyun nan, ina kwance a bayan danga ina jin kiran sallarsa, ban san aikin da yake yi a kaina ba. In za ku ba 'ya'yanku labarin mutumin kirki a wannan maganar, sunansa za ku faɗa.